Tsamin Ƙasa da Zartsin Ruwa: Abin da Ke Hana Taki Aiki a Lambu

Sau da yawa mai lambu yakan zuba taki, ya yi ban-ruwa a kan kari, ya cire ciyawa, amma shuka ta ƙi tashi. Ganye ya yi rawaya, tsiro ya tsumbure. Sai ya ce takin bana jabu ne, ko kuma irin ne ba shi da kyau. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma akwai wani dalili da ido ba ya gani. Ƙasar ce ta yi tsami da yawa, ko kuma kanwa ta yi mata yawa. Idan haka ta faru, abincin shuka yana nan cikin ƙasa, amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Tamkar hatsi ne a rumbu, ga shi nan, amma an toshe ƙofa. Ƙara taki a irin wannan ƙasa asarar kuɗi ce kawai.

Ma'aunin tsami

Kowace mace mai girki ta san tsami ta san kanwa. Idan yakuwa ta yi tsami, takan jefa 'yar kanwa ko ruwan toka, sai tsamin ya mutu. To haka abin yake a ƙasa da ruwa. Wata ƙasar ta karkata wajen tsami, wata ta karkata wajen kanwa, wata kuma tana tsakiya.

Masana suna da ma'auni na wannan. Suna rubuta sunansa da haruffa biyu, wato pH. Wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Soren Sorensen ne ya fito da shi a shekarar 1909. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, babu tsami babu kanwa. Duk abin da ya gaza 7 mai tsami ne. Duk abin da ya wuce 7 yana ɓangaren kanwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Ruwan sama yana tsakanin 5 da 6. Ruwan kanwa da ruwan toka sukan kai 10 ko fiye.

Akwai abin lura a nan. Tazarar lamba ɗaya ba ƙaramar tazara ba ce. Ƙasa mai lamba 5 ta fi mai lamba 6 tsami sau 10. Ta fi mai lamba 7 tsami sau 100. Saboda haka idan malamin gona ya ce ƙasa ta sauko daga 6 zuwa 5, ba wasa ba ne.

Yawancin kayan lambu sun fi son ƙasar da ke tsakanin 6 da 7. Tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji da latas duk nan suke so. Albasa ma haka, ita kam ba ta jure tsami ko kaɗan. Rogo, dankali da gero sun fi haƙuri, suna iya yi a ƙasar da ta ɗan fi haka tsami.

Idan tsami ya yi yawa

Da zarar ƙasa ta sauka ƙasa da 5 da rabi, matsala takan fara. Akwai sinadarin alminiyam a cikin kowace ƙasa, wato irin ƙarfen nan mara nauyi da ake ƙera tukwane da shi. A ƙasa mai lafiya yana zaune ne shiru, ba ya cutar da komai. Tsami ne ke narkar da shi. Idan ya narke sai ya ƙone bakin saiwa. Saiwar ta yi gajere, ta yi kauri, ta kasa nutsawa neman ruwa. Shi ya sa irin wannan shuka take saurin yaushi da rana ta ɗaga, ko da an ba ta ruwa da safe.

Ba nan abin ya tsaya ba. Tsami yana ɗaure abincin da ke cikin takin sufa, ya hana shuka samunsa. Yana kuma raunana 'yan ƙwayoyin halittar da ke zaune a ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, waɗanda ke tara wa ƙasa ƙarfi daga iska. Gyaɗa a ƙasa mai tsami takan yi kwanso da yawa babu ƙwaya a ciki.

Ƙasar jigawa mai rairayi, irin wadda ta fi yawa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, tana saurin yin tsami. Ba ta da laka sosai, ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa, don haka ba ta da abin da zai tare mata. Ruwan sama yana wanke ta kowace damina. Kwashe kara da harawa ƙaf daga gona yana ƙara rage mata ƙarfi. Ƙurar hunturu da mutane ke kuka da ita tana ɗan taimakawa, domin tana sauke wasu sinadarai masu rage tsami, amma ba ta isa ta biya abin da ake ɗauka ba.

Takin zamani ma yana da nasa hannu a ciki. Takin salfa da yuriya duk suna barin tsami a ƙasa, amma na salfa ya fi, kusan ninki uku. Tun shekarar 1950 aka keɓe wasu filaye a Samaru, kusa da Zariya, ana gwada taki iri-iri a kansu shekara da shekaru. An ga cewa filin da ake zuba wa salfa zalla ya yi ta ƙara tsami har amfaninsa ya ragu. Filin da ake haɗa wa da kashin shanu kuwa ya riƙe ƙarfinsa. Wannan ba ya nufin takin zamani mugun abu ne. Barinsa shi kaɗai, shekara bayan shekara, shi ne kuskuren.

Idan kanwa ta yi yawa

Wannan ya fi damun masu noman rani. A wasu fadamu da filayen ban-ruwa, musamman wajen tafkin Cadi da inda ruwa ke kwanciya ba shi da mafita, akan ga wani farin gari a saman ƙasa idan ta bushe. Rana ce ta shanye ruwan ta bar gishiri da kanwa a sama. Ƙasar takan yi tauri kamar daɓe, ruwa ya ƙi shiga.

Idan lambar ƙasa ta haura 7 da rabi, sinadarin ƙarfe da shuka ke bukata don yin kore yakan ɗaure. Alamar a ganye take. Sabon ganye na sama ya yi rawaya ko fari-fari, amma jijiyoyinsa suna nan kore. Ya kamata a bambanta wannan da yunwar yuriya. Ita yunwar yuriya daga tsofaffin ganye na ƙasa take farawa, kuma ganyen gaba ɗaya yake yin rawaya har da jijiyoyin. Manomin da ya gane wannan bambanci ba zai sayi buhun yuriya don cutar da yuriya ba ta magani ba.

Yadda ake aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce takardar awon tsami. 'Yar siririyar takarda ce da ke sauya launi, tana zuwa da hoton launuka da lambar kowanne. Akan same ta wajen masu sayar da kayan gwaje-gwaje na makarantu, da wasu masu sayar da kayan gona a birane. Manoma biyar ko goma suna iya haɗa kuɗi su sayi fakiti ɗaya.

Sai a ɗebo ƙasa daga wuri 5 ko 6 a cikin lambu, zurfin taƙi ɗaya. A haɗa, a shanya a inuwa, a cire tsakuwa. A zuba gwangwani ɗaya na ƙasar cikin kwano mai tsabta, a zuba gwangwani biyu na ruwan sama. A motsa sosai, a bari ya kwanta kamar rabin awa. Daga nan a tsoma takardar cikin ruwan da ya taso sama, a gwada launinta da na hoton. Shi ruwan ban-ruwa kai tsaye ake tsoma masa takardar.

Wanda bai sami takarda ba yana da 'yar dabara. Ya matsa lemun tsami a kan busasshiyar ƙasa. Idan ta yi kumfa tana ƙara, ƙasar ba ta da tsami, ta karkata ɗaya ɓangaren, kada a zuba mata toka. Haka nan ruwan zoɓo da aka tsinka sosai yakan juya daga ja zuwa duhu ko kore-kore idan aka ɗiga shi cikin ruwa mai kanwa da yawa. Waɗannan dabaru suna nuna alama ne kawai, ba sa ba da lamba.

Maganin tsami

Tokar murhu ita ce magani mafi kusa, kuma kyauta ce. Tokar itace da ta karan dawa suna kashe tsami, suna kuma ƙara wa ƙasa abinci. Cikin hannu ɗaya ko biyu ya isa fili mai taku ɗaya tsawo, taku ɗaya faɗi, sau ɗaya a shekara. A barbaɗa, a kafce ta shiga ƙasa, a yi ban-ruwa, a jira mako biyu ko uku kafin dashe. Kada a tara ta a gindin ƙaramin tsiro, za ta ƙone shi. Kada a yi amfani da tokar bola da aka ƙona leda, taya ko batir a cikinta. Kada kuma a gauraya toka da yuriya ko ɗanyen kashin kaji. Idan an haɗa su, ƙarfin takin yakan tashi ya bi iska, har akan ji warinsa yana hawa hanci.

Inda tsamin ya yi tsanani, garin farar ƙasa na gona ya fi toka ƙarfi. Dutse ne ake niƙawa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gwambe don yin siminti. Yawan da za a zuba ya danganta da irin ƙasar. Laka ta fi rairayi ci. Gara a tambayi malamin gona, domin idan an zarce, gyaran ya fi na farko wuya.

Wani zai ce, tun da kanwa tana kashe tsamin miya, me zai hana a zuba ta a lambu? A kul. Kanwa tana ɗauke da sinadari irin na gishiri, wanda ke kashe ƙasa ya mai da ita daɓe. Haka ma ruwan wanki mai sabulu ko omo, ba na lambu ba ne.

Maganin kanwa da zartsi

Wannan ya fi wuya, kuma yana son haƙuri. Abu na farko shi ne a yi wa ruwa hanyar fita. A haƙa lambatu a gefen fangali. Sannan a riƙa ba da ruwa mai kyau da yawa lokaci-lokaci, don ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi. Yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan kullum shi ke jawo gishiri sama. A rufe gindin shuka da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don rage shanyewar ruwa. Inda ƙasa ta daskare, garin jibsin yana sassauta ta. Takin sufa ma yana ɗauke da jibsin a cikinsa. Toka kuwa a nisanta ta da irin wannan fili.

Ruɓaɓɓen takin gargajiya yana amfani a ɓangarorin biyu. Ba ya juya ƙasa nan take, amma yana hana ta saurin karkata ko'ina. Sai dai ya zama ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina zafi da wari.

Masu shuka a cikin gida

Mata da matasa da yawa yanzu suna shuka tumatir, alayyafo da attaruhu a buhu, bokiti ko fasasshiyar tukunya a tsakar gida. Wasu kuma suna renon iri a ƙarƙashin rumfa kafin dashe. Su ne ya kamata su fi kowa lura, domin ƙasar buhu kaɗan ce. Abin da zai ɗauki shekaru kafin ya ɓata gona, cikin 'yan makonni zai ɓata buhu.

A nan ruwa ne babban abin dubawa. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana da zartsi. Ana gane shi da cewa sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, yana kuma barin farin dafi a cikin butar shayi da bakin tukunya. Kowane ban-ruwa da shi yana ɗaga lambar ƙasar buhu kaɗan-kaɗan. Wanda ya sami hali ya tari ruwan sama a randa ko duro, ya riƙa surkawa da shi. Idan babu, ana iya ɗiga lemun tsami kaɗan a bokitin ruwan, a motsa, a gwada da takarda har ya sauko tsakanin 6 da 7. Ɗigo-ɗigo ake yi, ba matsa lemo guda ba, kuma ba a yin sa da ka in babu takarda.

Wajen cika buhu, a haɗa kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, da kashi ɗaya na yashi. Lalle ne a huda gindin buhun ko bokitin. Sau ɗaya a mako biyu a ba shi ruwa har ya riƙa zuba ta ƙasa, don ya fitar da gishirin da ya taru. Bayan an cire amfani, a juye ƙasar, a ƙara mata sabon taki, a sake gwada ta kafin a mayar da wata shukar.