Abin da ya haɗa jar marmarar Dangoma da zaren kaset

A yankin Dangoma da ke ƙaramar hukumar Kalgo, cikin masarautar Gwandu, jar marmara ba baƙuwa ba ce. Tsatsar ƙarfe ce ta ba ta wannan launi, amma in aka kara mata maganaɗisun tsohuwar sifika, da ƙyar za ta motsa.

Sai dai ƴar uwar wannan tsatsa ce aka shafa a zaren kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Ita ta riƙe muryar Shata da Ɗanƙwairo da karatun malamai shekara da shekaru.

Tsatsa iri-iri ce. Ja, wato hematayit, da mai ruwan ɗorawa, gotayit, su suka fi yawa a marmara, kuma ba su cika jin maganaɗisu ba. Baƙar, magnatayit, ita ce mai ƙarfi. To amma ƙarfi kaɗai ba ya riƙe murya, sai siffar ƙwayar ta dace.

Ƙwaya mai kama da gero ba ta da gefen da ta fi so, don haka abu kaɗan ke juya maganaɗisunta. Doguwa siririya kamar allura kuwa, maganaɗisunta kan kwanta ne bisa tsawonta, ko ya fuskanci wannan kai ko wancan, kuma juya shi sai da ƙarfi. Wannan taurin kan shi ake nema.

Shi ya sa masu ƙera zaren kan fara da gotayit, mara ƙarfin nan, saboda a siffar allura take tsirowa. Sukan gasa ta ruwan jikinta ya fita, su rage mata iskar oksijin ta zama magnatayit, sannan su mayar da iskar a hankali ta zama maghemayit. Halinta ya sauya, siffar tana nan. Tsawon kowace allura bai kai kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba, kuma ana jera su bisa tsawon zaren tun shafen bai bushe ba.

Taurin kan yana da iyaka. Maganaɗisu mai ƙarfi na goge abin da aka naɗa, zafi kuma na sa sautin wani zagaye na zaren ya yi naso zuwa na kusa da shi. Kaset ɗin biki ko na wa'azin wani malamin gari, wanda ƙila babu kwafinsa a ko'ina, bai kamata ya kwana jikin sifika ko ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ba. Gara a juye shi cikin waya tun yana juyawa.