Ƙafa Ɗaya Ta Ɗashe

Bakwaini ne da aka haifa a mako na 28, kwanansa biyu a kwalba. Cikin dare nas ta duba shi, ta tarar yatsun ƙafarsa ta hagu sun ɗashe, sun yi sanyi ƙalau. Ta dama kuwa jajawur, da ɗuminta.

"Likita, zo ka ga ƙafar nan."

Da sanyin ɗaki ne, ko bugun jini ne ya sauka, da ƙafafun biyu za su ɗashe tare. Babu filastar da ta matse ƙafar, ba a kuma sa masa ƙarin ruwa ta nan ba. Likita ya laluba matsematsin hagu, ya ji bugun jijiya da kyar. Ke nan cikas ɗin daga sama yake.

"Sista, yaushe aka ɗebi jini ta cibiya?"

"Yanzun nan, Likita."

Nan Likita ya gano bakin zaren. Igiyar cibiya tana da jijiyoyi uku, biyu daga cikinsu masu fitar da jini ne. Ta ɗaya daga cikin biyun nan aka zura wa yaron siririyar roba don ɗibar jini da auna bugunsa. Robar sai ta fara gangarawa ƙugu, ta bi ta mararrabar da jijiyar ƙafa take rabuwa, sannan ta haura babbar jijiyar aota. A jiki ƙanƙani irin wannan, gogar robar kaɗai ta isa ta sa jijiya ta tsuke, ko gudan jini ya taru a bakinta.

To, tsukewa ce ko guda? Likita ya sa a naɗe ƙafar dama, mai lafiyar, da tawul mai ɗumi. Da dalili: ɗumama wancan ɓangaren yakan sa jijiyoyin wannan su saki, alhali zafi a kan ƙafar da jini bai isa ba ƙara mata buƙatar iskar oksijin yake yi, yana iya ƙona fatar ma. Minti 15 ba canji, sai aka zare robar. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci, domin amfanin roba bai kai ƙafar yaro ba.

Na'urar Dofla mai duba gudanar jini ba ta nuna guda ba, jini na ɗan ratsawa. Tsukewa ce. Aka shafa man naitirogilisarin mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, milimita 4 ga kowane kilo na nauyinsa, ana ta auna bugun jini don maganin yakan saukar da shi. Kafin asuba jini ya koma yatsun.

Da guda aka gani, da hefarin mai hana jini daskarewa za a fara. In ƙafar na neman salwanta a koma ga altefiles mai narkar da guda, amma sai an ɗauki hoton kai tukuna, saboda bakwaini na saurin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ko yatsa ya yi baƙi ba a gaggawar yankewa, domin jikin jariri kan buɗe wa jini ƙananan hanyoyi, abin da ake rasawa ya zama bai kai yadda aka zata ba.