Kukan Fambel a Tsohuwar Mota Mai Baƙon Inji

Da yawa daga cikin motocin da ke ɗaukar mutane da buhuna da awaki tsakanin Gure da Kelle, da waɗanda ke kutsawa arewa cikin rairayi zuwa Tasker, ba da injinsu na asali suke tafiya ba. Gangar jikin Land Cruiser ko Hilux tana iya cinye inji biyu ko uku kafin ta kwanta. In na farko ya mutu, mai mota ya nufi Damagaram, ko ya aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a samo masa wanda aka ciro daga wata motar, bakanike da mai walda su haɗu su zaunar da shi. Motar ta tashi, kowa ya yi barka. Bayan ƴan kwanaki sai a fara jin wata tsuwwa mai kashe kunne daga gaban inji, musamman da sassafe. Amsar da direba ya saba ji a gareji ita ce, "Maigida, a ƙara masa ɗauri," ko kuma "Sabo ne, zai zauna." Ni dai ina ganin a motar da aka sauya wa inji, fambel shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma.

Tsofaffin injuna irin su 2H, da 1HZ mai lita 4.2 da Toyota ta fito da shi a 1990, suna aiki da fambel mai ƙugu, wanda ke nutsewa cikin rami guda na puli. Biyu ko uku ake sawa, kowanne da aikinsa. Injunan baya-bayan nan, kamar 2KD na gas da 2TR na fetur da ake samu a Hilux, fambel guda ne mai faɗi da layuka a cikinsa, yana zagaye puli bayan puli, yana juya altaneto da famfon ruwa da fanka da na'urar sanyi. Motar Ford Mustang ta 1979 a Amurka ce aka fi ambata a matsayin wadda ta fara fitowa da wannan tsari. A kan kwalta, kusa da shagon kayan gyara, ci gaba ne. A hanyar Kelle da Tasker kuwa ma'anarsa ita ce in igiya ɗaya ta tsinke, caji ya tsaya, ruwa ya daina zagayawa, inji ya tafasa cikin ƴan mintoci.

Fambel ba shi da haƙori. Gogayya kaɗai yake riƙe puli da ita. Kukan da ake ji sautin roba ne tana kamawa tana suɓucewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Kuma kukan iri biyu ne, wanda bakaniken kirki ke bambancewa da kunne tun kafin ya ɗauki sifana. Akwai doguwar ƙara mai ja, wadda ke tashi lokacin da aka tada mota, ko aka kunna fitilu, ko aka taka totur da ƙarfi. Wannan zamewa ce: ɗauri ya yi kaɗan ko nauyi ya yi yawa. Akwai kuma gajeren kuka mai maimaituwa, tsit-tsit-tsit, yana bin juyin inji ko da mota na tsaye. Wannan galibi rashin saiti ne, wato wani puli ya kauce daga layin ƴan'uwansa, gefen layukan fambel na goga bangon rami duk lokacin da zai shiga.

Ruwa kaɗan a buta ya isa a raba gardama. A bar inji yana aiki a hankali, a yayyafa ruwan a cikin fambel, ɓangaren layukan. In ƙarar ta ƙaru, zamewa ce. In ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo da ruwan ya bushe, saiti ne. In kuwa ko gezau ba ta yi ba, wataƙila ba fambel ɗin ke kuka ba sam, boris ne ya ci. Sai a kashe mota, a cire fambel, a juya kowane puli da hannu: wanda ya yi gurzo, ko yake rawa, ko yake gudu sakaka da ƙarar ƙarfe, shi ne mai laifi. Wanda zai yi gwajin ruwa ya tuɓe babbar riga, ya naɗe jelar rawani, domin fambel da fanka ba sa sakin abin da suka kama.

Yanzu ga inda baƙon inji ya bambanta. A masana'anta, an ƙera mazaunin altaneto da na sauran na'urori yadda dukan pulin za su tsaya a layi ɗaya. Amma injin da ya iso daga kasuwa sau da yawa tsirara yake zuwa, an riga an kwance altanetonsa an sayar daban. Sai a ɗauko na tsohon injin, ko duk wanda ya samu, mai walda ya yanko ƙarfe ya haɗa masa ƙafa da ido. Tsohon fambel mai ƙugu yana yafe irin wannan aiki, don yana iya shiga rami a ɗan karkace. Mai layuka ba ya yafewa. Tazarar da ke tsakanin layi da layi milimita 3.56 ce kawai, saboda haka kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta sa shi kuka, ta zagwanye gefensa, wata rana ta hau da shi kan bakin puli. Maganin bai da tsada: a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban pulin ƙasa, a ga ko ya kwanta daidai a fuskar na altaneto. In akwai rata, a cike da wosha ko a sake mazaunin. A kuma duba kaurin ƙarfen da aka yi ƙafar da shi, don siririn ƙarfe yakan tsaya daidai mota na kashe, ya lanƙwashe da zarar nauyi ya hau.

Abu na biyu shi ne na'urar sanyi. Masu motocin daji kan cire ta, su nemi fambel mafi gajarta su tsallake gurbinta. Hanyar fambel ta sauya ke nan, kuma yana iya rungumar pulin altaneto da rabin abin da ya saba. Pulin nan shi ne ƙarami, yana juyawa ninki biyu ko uku na inji, a kansa ake fara zamewa. In an ƙara wa motar manyan fitilu, ga batir da ya gaji yana zuƙar caji bayan kowane tashi, ga sanyin hunturu da ya sandarar da roba, to kukan asuba ya samu dalili. Sau da yawa batir ne ke bukatar canji.

Shi ma madanni mai sifirin da ke riƙe ɗaurin fambel mai layuka yana da iyakar da yake aiki a cikinta, kuma a jikin yawancinsu akwai alama. Fambel ya yi tsawo ko ya yi gajarta, hannun madanni ya kai ƙarshe, ba sauran danni. Lambar da ke bayan fambel ta faɗi komai: 7PK1500, alal misali, na nufin layi 7 da tsawon milimita 1500. Ana samun wanda zai ɗora mai layi 6 a kan puli mai rami 7 don shi ya samu a shago, ya ce ai ya shiga. Ya shiga, amma an rage masa ƙarfin riƙo.

Sai dabarun bakin hanya: sabulu, kyandir, man birki, har da baƙin mai. Duk suna sa shiru na ɗan lokaci, shi ya sa aka yarda da su. Amma mai yana kumbura roba, kuma a ƙasar da iska ke ɗauke da yashi, duk abin da ke da danƙo tarkon ƙura ne. Ƙurar ta daskare a cikin ramukan puli, fambel ya daina nutsewa, ana magani kai yana kaba. Ƙara ɗauri fiye da kima, a injin da ake ɗaurewa da hannu, ya fi wannan ɓarna: kukan ya tafi, boris ɗin famfon ruwa da na altaneto su biya kuɗin. In aka ga mai ko ruwan lagireto na ɗiga a kan fambel, yoyon za a fara toshewa, a wanke pulin da buroshi, sannan a sa sabo.

Wani abin da ke ruɗar tsofaffin direbobi shi ne roba ta sauya. A da, tsagewa ake nema a san fambel ya tsufa. Na yanzu, da ake yi da robar EPDM, ba ya saurin tsagewa. Cinyewa yake yi sannu a hankali har layukansa su sirance, ya zauna a gindin rami yana santsi alhali a ido lafiya lau. Haka kuma babban pulin ƙasa a injuna da yawa ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma zafin watan Afirilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, ba ya raga mata. A ja layi da alli ya ratsa ƙarafan biyu, a yi tafiya, a dawo a duba. In layin ya rabu, pulin ne ke zamewa a kan kansa, ko fambel goma aka saya ba zai yi shiru ba.

Ga mai motar da aka sauya wa inji, littafin kamfani ya daina yi masa amfani, don lambar da ke ciki ta wani injin ce. Ranar da aka dace da fambel ɗin da ya zauna daidai, a rubuta lambarsa da fenti a cikin murfin inji, a zana hanyar da yake bi a kan pulin, a sayi na biyu a ajiye ƙarƙashin kujera tare da sifanar da ke ɗaga madanni, kuma a koya wa yaron mota sa shi tun ana cikin garin Gure.