NASIHA GA MAI NEMAN GIDA A WAJE: LABARIN FAGGE DA SABON GARI

 Ku sani babu shekarar da za ta wuce ba a ji wani attajiri ko wani malami ya tara abin da ya tara, ya fita neman gida a Fagge ko Sabon Gari ba, domin ya kusanci rumfarsa ko almajiransa. Waɗansu sun saya sun gode, waɗansu sun saya sun ciji yatsa. Abin da ya raba su kuwa shi ne sanin wurin tun ba a biya ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana asalin unguwannin nan biyu, da halin zamansu, da abin da ya wajaba mai saye ya bincika.

Fasali na farko, a kan asali

Garuruwan da su ke bayan ganuwar Kano ta gabas da arewa, su mutanen birni su ke kira Waje. A cikinsu Fagge ce babba ga shekaru. Masu ba da labari sun ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, nan ne zangon ayari. Buzaye masu gishiri da kanwa su kan sauke raƙumansu a nan, su kwana, in gari ya waye su shiga Kasuwar Kurmi.

Sabon Gari kuwa ɗan zamanin Turawa ne. An ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sai ma'aikatan reluwe da akawuna da kafintoci suka yi ta zuwa daga Ikko da ƙasar Yarbawa da ta Ibo, har da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, watau Gana ta yau. Wajen 1913 aka yanka musu filaye, aka ja tituna miƙaƙƙu kamar layin allo, aka sa su ƙarƙashin Bature, ba ƙarƙashin Sarki ba, har zuwa 1940 da aka mai da su hannun En'e. Sunayen titunan ma suna ba da labarin mazaunansu: ga titin Yarbawa, ga na Ibo, ga na Hausawa, ga na Aba da Inugu da Abekuta.

To, abin lura a nan shi ne, unguwannin nan biyu duka don baƙi da ciniki aka kafa su. Kasuwa ce uwarsu. Wanda ya gane wannan ya gane rabin mas'alar.

Fasali na biyu, a kan halin zama

Kasuwa dai dabba ce mai cin gidaje. Ku dubi Kantin Kwari. A da unguwar Kwarori ce, mutanen Sham da Labanan, kanti a gaba, iyali a baya. Yau babu abin da ya rage sai shaguna da benaye cike da atamfa da shadda, kasuwar ta kuma malalo cikin lungunan Fagge. Haka Kasuwar Singa ta masu kayan masarufi, da Wapa ta 'yan canji, da babbar Kasuwar Sabon Gari wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Kowacce tana tura gefenta cikin gidajen mutane.

Sabili da haka dillali ba ya yi wa gida kuɗi da yawan ɗakunan kwana. Da yawan shagunan da za a fitar a jikinsa ya ke lissafi. Magidanci mai neman inda zai ajiye iyali yana takara ne da mai neman sito, shi kuwa mai sito hannunsa ya fi tsawo. In ma ka samu, sai ka ga zauren maƙwabcinka ya zama shago, tsakar gidansa an rufe ta da kwano, ko kuwa an ta da bene hawa uku wanda tagoginsa su ke leƙen inda matanka su ke girki. Ga gidan da a ke kulle, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A Sabon Gari mafi yawan gidaje na haya ne. Fulotin da aka saba, ƙafa 50 da ƙafa 100, a kan jera masa ɗakuna layi biyu suna duban juna, madafi ɗaya, makewayi ɗaya ko biyu, iyalai da yawa. Wanda ya sayi irin wannan ya sayi haya, har da rigimar 'yan haya. In gidan zama ya ke so, sai ya shirya rushewa da sabon gini. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ya ke cikinta, mutum 198,828, ban da taron da ke kwararowa da safe ya watse da almuru.

Amma kada a ce mun faɗi aibi mun ɓoye alheri. Mai rumfa a Kwari in yana zaune a Fagge, da ƙafa zai tafi, ya komo cin abincin rana, ya ga 'ya'yansa, alhali abokinsa na bayan gari yana can cikin cunkoson motoci. Makarantun allo da Islamiyyu da na boko suna kusa. Ga Masallacin Juma'a na Fagge, ga Asibitin Murtala da an shiga Ƙofar Mata, ga asibitin ido na mishan a Sabon Gari wanda aka buɗe tun 1943. Yaron da ya tashi a nan kuwa ya kan tashi da wayon ciniki, kunnensa ya saba da harsuna uku ko huɗu.

Farashin wannan kusanci shi ne ƙarar janareta da ta A Daidaita Sahu, da ƙura, da rashin filin da yara za su yi wasa. Gidaje da yawa ga rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa su ke dogara, kuɗin ruwa kuwa kullum ne. Sa'an nan Sabon Gari yana da otal-otal da mashaya, ko da shi ke an ƙaddamar da Shari'a a Kano tun 2000. Layin da ya ke shiru da hantsi ya kan zama wani abu dabam bayan lisha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Fasali na uku, a kan abubuwa huɗu da za a bincika

Na farko, takarda. Tun dokar ƙasa ta 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna, dokar 1978 kuma ta shimfiɗa wannan hukunci ga Nijeriya duka. Ma'ana, abin da mutum ya ke saya a cikin gari shi ne ginin da haƙƙin zama, galibi na shekara 99, kuma doka ta ce sai da yardar Gwamna a ke sauya shi daga hannu zuwa hannu. Takardar mai unguwa da shaidun dillalai suna da amfani, amma ba su tsaya a matsayin satifiket ba. A kai lambar fuloti ofishin KANGIS a duba sunan wa ke kai, a tabbata ba a jinginar da gidan ga banki ba. In za a yi gini, a nemi izinin hukumar KNUPDA. A nisanci filin makaranta da na maƙabarta da na masallaci ko da an nuna takarda, gama a watan Yuni na 2023 an rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata, masu su suna kallo. Malamai sun sani ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke.

Na biyu, magada. Tsofaffin gidajen Fagge da yawa na gado ne, sau da yawa kuwa ba a raba ba. Ɗaya daga cikin 'ya'ya zai kawo maka ciniki, ya ce sauran sun yarda. Kada ka karɓi wannan da baki. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala da Muhtasar, wanda ya yi tarayya cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, watau ya biya ka abin da ka biya, ya karɓe rabon da ka saya. Wanda ya ke nan ya yi shiru har shekara, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa yana nan ko ya daɗe. Ke nan ɗan'uwan da ke Makka ko Kurmi zai iya komowa bayan ka yi gini ya ta da magana. Maganin wannan a kai rabon gaban alƙali, kowane magaji ya sa hannu, mata da marayu ma a ji ta bakinsu ko ta bakin waliyyansu.

Na uku, ruwa da wuta. Kada a sayi gida da rani. Ruwan birni ta rafin Jakara ya ke fita, ya ratsa ta wannan sashe, magudanai kuwa da yawa an toshe su da shara ko an yi gini a kansu. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya ɓata dukiya mai yawa. Ka tafi ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka dubi gindin bango, alamar inda ruwa ya kan tsaya ba ta ɓuya. Ka kuma auna lungun da idonka, ko motar kashe gobara za ta iya shiga? Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta cinye dubban shaguna cikin dare guda. Ka tambayi abin da a ke ajiyewa a siton da ke jikin katangarka.

Na huɗu, wanda ya fi duka, maƙwabci. Larabawa sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. Tsakanin Fagge da Sabon Gari an ga baƙin rana. A watan Mayu 1953 an yi kwana huɗu ana faɗa, hukuma ta ƙidaya mutum 36 da suka rasu. A 1966 abin ya fi haka muni, aka kashe mutane da yawa, Ibo suka bar gidajensu suka tafi. Duk mai saye a nan ya san wannan tarihi. Amma ya san ƙarshensa kuma. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, da yawa daga cikin waɗanda suka komo sun tarar da gidajensu a tsare, aka mai da musu, har da kuɗin hayar da aka tara. Abin da ya tsare gidajen nan amana ce. Don haka kafin ka biya, ka zauna da dattawan layin, Musulminsu da Kiristansu, ka ga yadda su ke gaisawa, ka ji wanda a kan kira in yara sun yi faɗa. In ka tarar kowa baƙo ne, ba mai sanin sunan wani, to, ka sake tunani.

Kammalawa

Wanda iyalinsa kaɗan ne, kuma abincinsa yana cikin kasuwar nan, Waje za ta yi masa daɗi, dukiyarsa kuma ba ta faɗuwa da sauƙi. Wanda ya ke da mata da 'ya'ya da almajirai masu buƙatar tsakar gida da zauren karatu, watakila ya fi masa ya riƙe shago a nan, ya nemi gida inda kuɗin nan za su ba shi fili mai faɗi. Ko wanne mutum ya zaɓa, ya ziyarci wurin sau uku, da safe da dare da ranar ruwa, ya tafi da wanda ya san doka da wanda ya san fiƙihu. Araha ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.

Allah ya ba mu maƙwabta na kirki, ya sa mu ma mu zama na kirki gare su. Haza wasalam.