Titin Heathrow Na Uku: Maƙwabta Sun Gaji Da Alkawari

A Janairun 2025 ministar kuɗin Birtaniya, Rachel Reeves, ta ce gwamnati na goyon bayan a gina titin jirage na uku a filin Heathrow. Bayan watanni kamfanin filin ya fito da lissafinsa: fam biliyan 49, kuma sauka da tashin jirage zai haura daga 480,000 a shekara zuwa kimanin 756,000. Wannan adadi na ƙarshe shi ne abin tashin hankali. Ana shirin ƙara wa mutane ƙugin jirage alhali ba a cika musu alkawuran baya ba, kuma nan ne tushen rigimar.

Bisa ƙididdigar 2006, mutane kusan 725,000 ne ke zaune cikin hayaniyar Heathrow, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk masu wannan fama a Tarayyar Turai a lokacin. Iska daga yamma take kaɗawa yawancin shekara, don haka jirage kan ratso ta kan tsakiyar Landan kafin su sauka. Da ƙarfe huɗu da rabi na asuba jiragen nesa ke fara isowa, kimanin 16 kafin ƙarfe shida. Mazauna unguwar Hounslow da ke kusa da filin har sun haddace ƙarfe uku na yamma, lokacin da ake musanya titin sauka, wasu su samu sa'ida, wasu kuma nasu ya fara. Binciken da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2013, kan mutum miliyan 3.6 da ke kewayen filin, ya nuna haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya ya fi yawa a unguwannin da hayaniya ta fi tsanani.

Duk da haka, abin da ya fi ƙona musu rai shi ne saɓa magana. Lokacin da ake neman izinin gina tasha ta biyar, shugaban kamfanin BAA mai filin a wancan zamani ya rubuta wa maƙwabta cewa wannan ba zai kai ga titi na uku ba. Aka ba da izini a 2001, aka ƙayyade jirage 480,000. Ba a jima ba maganar titin ta dawo. David Cameron ya yi alkawarin soke shi a 2009, ya kuma soke a 2010 da ya zama firaminista, amma gwamnatinsa ce ta kafa kwamitin Howard Davies da ya farfaɗo da shi a 2015. Majalisa ta amince a 2018 da ƙuri'a 415 kan 119. Hukuma mai zaman kanta da aka kafa a 2019 don sa ido kan hayaniyar jirage, a 2021 aka rushe ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da wane baki za a ce wa mutanen ƙauyukan Longford da Harmondsworth, inda za a rushe gidaje sama da 700, su sake yarda?

Masu goyon baya suna da tasu hujja. Filin ya cika maƙil, ya ɗauki fasinja miliyan 83.9 a 2024 da tituna biyu kacal, dubban iyalai na ci daga gare shi, jiragen yanzu kuma ba su kai na dā ƙara ba. Gaskiya ne. Amma mai barci yawan tashinsa yake ƙirgawa, kuma jirgi ko ya rage ƙara yana tada shi.

Akwai misalin da ya yi aiki. Da Frankfurt ta buɗe sabon titi a 2011, an hana zirga-zirga daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, filin bai durƙushe ba. Kwamitin Davies ma ya gindaya sharaɗin hana jiragen dare daga 11:30 zuwa 6:00. To a sa wannan a doka tun kafin a kafa tubali, tare da iyakar yawan jirage, da sa'o'in hutu ga kowace unguwa, da hukuma mai ikon cin tara. In gwamnati ta kasa rattaba hannu kan waɗannan, bai kamata titin ya samu izini ba.