Dacewar Sunan 'Ya Mace da Sunayen 'Yan'uwanta: Tsakanin Shari'a da Al'adar Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata tambaya da iyaye kan kawo wa limamai gabanin ranar suna, wato wane suna ne zai dace da jaririya idan aka dubi sunayen yayyenta. An nuna cewa jera sunayen 'ya'ya a kan tsari ɗaya yana da asali a aikin magabata, sai dai abin da suka kula da shi shi ne ma'ana da koyi da mutanen kirki. Daɗin sauti yana biye ne, kuma bai kamata ya ci haƙƙin yarinya na samun suna mai kyau wanda zai bambanta ta da sauran 'yan gidansu ba.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, karkarar da ke arewa da birnin Kano, kamar ƙasashen Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa da Dawakin Tofa da Bichi, tana cikin yankin da masana irin su Michael Mortimore suka yi nazarinsa tun shekarun 1960 saboda yawan jama'a da matsuwar gonaki. A irin wannan wuri ba a cika samun mutum da matarsa su kaɗai a gida ba. Gida ɗaya yakan ƙunshi sassa da yawa: na maigida, da na ƙannensa, da na 'ya'yansa masu aure, kuma a kowane sashe ana iya samun ɗaki biyu ko uku na kishiyoyi. Saboda haka idan an haifi mace, za ta shigo ne cikin jerin sunaye da suka riga ta, na 'yan ɗakinsu da na 'yan uba da na 'ya'yan baffanni. Wannan ne ya sa tambayar dacewar suna take da nauyi a nan fiye da yadda ake zato.

2.0 Lokacin suna da mai haƙƙin raɗa shi

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ana yanka dabba ɗaya a rana ta bakwai, kuma ba a lissafa ranar haihuwa idan an haihu bayan fitowar alfijir. Shi ya sa wadda aka haifa da hantsin Talata ake sunanta Talata mai zuwa. Malikiyya ba su bambanta mace da namiji a adadin dabba ba, kuma Muwaɗɗa ta kawo cewa haka Abdullahi ɗan Umar yake yi wa 'ya'yansa. Sanya suna kafin rana ta bakwai ma ya halatta, domin Annabi (SAW) ya sanya wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, kuma aya ta 36 a Suratu Ali Imrana ta nuna cewa mahaifiyar Maryam ce ta raɗa mata suna da ta haife ta.

Ibnul Ƙayyim ya bayyana a littafinsa Tuhfatul Maududi cewa idan iyaye suka saɓa, maganar uba ce ake bi. Wannan haƙƙi amana ce a wuyansa, kuma bai hana shi shawara da mai jego ba. Kwanakin da ke tsakanin haihuwa da safiyar da za a raba goro, liman ya yi addu'a, wanzami ya yi aski, dama ce ta bincike da tambayar malamai.

3.0 Asalin jera sunaye a aikin magabata

Misali mafi shahara shi ne na jikokin Annabi (SAW), Hasan da Husaini, waɗanda sunayensu suka fito daga tushe ɗaya mai nufin kyau. Imam Ahmad ya kawo ruwayar da ke cewa Sayyidina Ali ya so ya sanya musu Harbu, sai Annabi (SAW) ya sauya, ya kuma kira na ukunsu Muhsin. Malaman hadisi sun saɓa kan ingancin wannan ruwaya, amma su kansu sunayen biyu ba wanda ke jayayya a kansu.

Littattafan tarihin sahabbai sun ambaci cewa Ɗalha ɗan Ubaidullahi yakan sanya wa 'ya'yansa sunayen annabawa, irin su Musa da Isa da Isma'ila da Ishaƙa, shi kuwa Zubairu ɗan Awwam ya zaɓi sunayen shahidai, irin su Hamza da Ja'afar da Mus'abu, da fatan 'ya'yansa su samu irin darajarsu. Ta fuskar mata kuwa, Ali da Fatima sun kira 'ya'yansu Zainab da Ummu Kulsum, waɗanda su ne sunayen yayyen Fatima. A duk waɗannan gidaje akwai zare ɗaya da ya ɗinke sunayen, kuma zaren shi ne tunawa da mutanen da ake so yaro ya yi koyi da su.

A ƙasarmu, gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da darasi mai faɗi. Daga cikin 'ya'yansa mata akwai Khadija da Fatima da Hafsatu da Safiya da Maryam. Da aka haifa masa tagwaye a shekarar 1793, ya kira namijin Hassan, amma macen bai ba ta sunan da al'ada ta tanadar wa tagwaye ba, sai ya kira ta Asma'u. Sunan bai yi amo ɗaya da na ɗan'uwanta ba, amma ya zauna daram a jerin sunayen matan farkon Musulunci da 'yan'uwanta mata suke ɗauke da su. Da wannan suna duniya ta san malama Nana Asma'u, wadda ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da mata.

4.0 Yadda Bahaushe yake ɗaura suna da 'yan'uwa

Tun kafin a fara neman sunaye masu amo ɗaya, Bahaushe yana da hanyar nuna matsayin yarinya a cikin 'yan'uwanta. Tagwaye mata su ne Hassana da Usaina, mai bi musu Gambo, wadda ta zo bayan maza a jere Kande ko Delu, ta ƙarshe kuma Auta. Wadda aka haifa bayan yayyenta sun yi ta rasuwa akan ce mata Abarta ko Ajuji. Ban da Hassana da Usaina, waɗannan laƙabobi ne da ake ɗorawa a kan sunan yanka, kuma mafi yawansu ba su da aibi. Abin kiyayewa shi ne a ƙudurce cewa laƙabi yana kore mutuwa, domin ajali a hannun Allah yake, da kuma a bar yarinya da sunan da za ta ji kunyarsa idan ta girma, alhali aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙabobi.

Sai kuma al'adar takwara. Kowane ɗa yana so ya mayar da sunan mahaifiyarsa, don haka idan tsohuwa mai suna A'isha tana da 'ya'ya maza biyar a gida ɗaya, ba abin mamaki ba ne a samu A'isha biyar a sassa biyar. Alkunya ta hana a kira su da sunan kai tsaye, sai a raba musu laƙabi: wannan Ummi, waccan Uwani, wata Indo, wata Humaira, wata Hajiya. Wannan girmama iyaye ne da sada zumunci, kuma shari'a ba ta hana maimaita suna ba, domin a gidajen magabata an san 'yan'uwa masu suna ɗaya da ake bambanta su da Kubra da Sugra.

5.0 Wurare huɗu da ake tuntuɓe

Na farko shi ne bin amo har a bar ma'ana. Gidan da ya fara da Jamila da Nabila da Kamila, ko Amira da Samira da Munira, bai yi laifi ba, domin duka kalmomi ne masu kyau. Matsalar takan zo ne a kan 'ya ta huɗu ko ta biyar, idan sunayen da aka sani sun ƙare aka shiga ƙirƙira. Wani yakan buɗe Alƙur'ani ya ɗauki kalmar da ta yi masa daɗi, alhali ba duk kalmar da ke cikinsa ce ta dace da suna ba. Hawiya, alal misali, ta yi amo ɗaya da Safiya da Zakiya, amma sunan wuta ce a Suratul Ƙari'a.

Na biyu shi ne rubutun boko, wanda ba ya bambanta wasu haruffan Larabci. Asiya mai fara wa da alif mai madda sunan muminar matar Fir'auna ce, amma mai ain da sad ma'anarta mai saɓo, kuma shi ne sunan da Annabi (SAW) ya sauya wa 'yar Umar ya mayar da ita Jamila, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Haka nan Fatina, wadda wani zai ɗauka ƙanwar Fatima ce a amo: idan da harafin ta'u aka rubuta ta, tana nufin mai fitinar mutane. Wajibin malamin da aka tambaya ne ya rubuta sunan da Larabci ya duba tushensa kafin ya ba da amsa. Ya kuma tuna cewa Annabi (SAW) ya sauya sunan Barra zuwa Zainab da kuma Juwairiyya saboda abin da ke cikinsa na tsarkake kai.

Na uku shi ne ɗaukar laƙabi a matsayin sabon suna. Binta da Zahra'u da Batulu duka Fatima ake nufi a al'adarmu, Dije da Hadiza Khadija ce, Kulu da Jidda Hauwa'u ce, Abu kuma Zainab. Uban da yake da Fatima sannan ya kira ƙanwarta Zahra'u bai yi haram ba, amma ya kamata ya san abin da ya yi. Idan kuwa 'yan uba biyu suka haɗa suna ɗaya cak, takardunsu za su zama iri ɗaya, tunda sunan uba ne ke biyo baya. A yau takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda hukumar JAMB ta wajabta wa masu rajista tun shekarar 2021, sun mayar da wannan ruɗani abin da zai iya tsayar da karatun yarinya. A rabon gado ma, inda gona ƙarama ce magada da yawa, rubutaccen suna mai harshen damo ƙofar rigima ce.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, shi ne rashin adalci. Akan samu gidan da 'ya'yan mowa aka zauna aka zaɓar musu sunaye, 'yar bora kuwa aka bar wa liman ya faɗi duk wanda ya zo bakinsa. Akan samu wanda ya yi ta jiran namiji, da mace ta sake zuwa sai ya yi sanyi da hidimar sunanta. Ayoyi na 58 da 59 a Suratun Nahli sun zargi wanda fuskarsa ke ɓaci idan an yi masa albishir da mace, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke cikin Bukhari da Muslim kuma ya umarci iyaye da adalci tsakanin 'ya'ya. Yara suna lura da wannan bambanci, kuma da irinsa 'yan ubanci yake samun gindin zama.

6.0 Hanyar zaɓe

Wanda aka yi wa haihuwa ya fara da lissafa sunayen yanka na 'yan matan sashensa da na sassan da ke kusa, tare da laƙabobinsu, domin ya san wanda aka riga aka ɗauka. Daga nan ya dubi zaren da ya haɗa sunayen 'ya'yansa. Idan yana da Zainab da Ruƙayya, to Ummu Kulsum da Fatima suna jiran sa. Idan yana da Khadija da A'isha, jerin iyayen muminai yana da faɗi: Sauda, Hafsatu, Juwairiyya, Safiya, Ramlatu, Maimuna. Mai Maryam da Asiya yana iya ƙarawa da Saratu ko Hajara. Wanda 'ya'yansa maza Abdullahi da Abdurrahman ne, Amatullahi ta yi daidai da su a ma'ana. Sahabbai mata irin su Sumayya da Nusaiba da Khaula da Asma'u kuwa suna shiga kowane jeri.

Bayan haka ya gwada kiran sunan da ƙarfi tare da na yayyenta, kamar yadda za a kira su daga zaure ko daga gona. Salma da Salima da Salamatu a ɗaki ɗaya za su riƙa amsa kiran juna. Ya kuma duba ko kaka za ta iya furta shi ba tare da ta juya shi zuwa wata kalma mara daɗi ba. Idan takwara ce za a yi, a tsayar da laƙabin tun ranar suna, a kuma rubuta shi a takarda tare da sunan yanka.

7.0 Kammalawa

Dacewar suna da na 'yan'uwa abu ne mai kyau wanda shari'a ta bar ƙofarsa a buɗe, ba ta wajabta shi ba. Abin da ke kan uba shi ne ya ba 'yarsa suna mai kyakkyawar ma'ana, da kulawa irin wadda ya yi wa yayyenta. Idan amo da ma'ana suka haɗu, madalla, idan kuwa suka rabu, ma'ana ake bi. Ɗalibanmu da za su koma garuruwansu su zama limamai da malaman Islamiyya su ne za a riƙa tambaya a kan wannan, don haka ya dace su riƙe ƙamus kusa, su kuma san tarihin matan da ake sanya sunayensu, domin yarinyar da aka gaya mata wace ce mai sunanta ta samu abin koyi tun tana ƙarama. Allah ya raya mana zuriya bisa tafarkin Musulunci. Allah ne Mafi sani.