Me ya sa harshen rediyo ya zama batun tsaro a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A watan Satumban 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin daƙile sadarwar 'yan bindiga. Watanni tara kafin nan, a daren 11 ga Disamban 2020, an sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Da waya ta ɗauke, abin da ya rage wa manomi da makiyayi da wanda ya gudo daga ƙauyensa shi ne akwatin rediyo. Daga nan tambayar ta taso: da wane harshe rediyon ke magana, kuma da wa?

Hausa ta daɗe da samun wuri

Ta fuskar Hausa babu ƙaranci. BBC ta buɗe sashenta na Hausa a 1957, DW ta Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI ta Faransa kuma a 2007, ga Rediyon Najeriya Kaduna da gidan rediyon jihar. Giɓin yana wajen Fulatanci. Gaskiya ne yawancin Fulanin Katsina suna jin Hausa, wasu ma ita kaɗai suke ji. Sai dai a rugagen da ke gefen dazuzzukan iyakar Zamfara da Birnin Gwari, har yanzu akwai gidajen da Fulatanci ne harshen uwa da 'ya'yanta. Mutum na iya fahimtar sanarwa da Hausa, amma bai ji cewa da shi ake ba, musamman idan ba a ambaton mutanensa sai a labarin hari.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A 1975 gwamnatin Ostireliya ta buɗe ƙananan tashoshi biyu, 2EA a Sidni da 3EA a Melbon, domin bayyana wa baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar sabon tsarin kiwon lafiya da harsunansu. Daga su aka samu SBS, wadda a yau take watsa shirye-shirye da harsuna fiye da 60. A Nijar, Studio Kalangou ya fara aiki a 2016 da Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Buzanci da Fulatanci, ƙananan tashoshin karkara suna sake watsa shirye-shiryensa. A yankin Tafkin Chadi kuwa, Dandal Kura ta soma magana da Barebari da harshensu tun 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya raba miliyoyi da gidajensu.

Inda Najeriya ta tsaya

A watan Mayun 2019 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta samu lasisin tashar rediyo da za ta yi magana da makiyaya da Fulatanci, a ƙarƙashin hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989. Ƙungiyoyi da dama, musamman daga kudu da tsakiyar ƙasar, suka soki shirin da cewa fifita ƙabila ɗaya ne. Muhawarar ta koma ta siyasa, aka manta da mai sauraro. A wannan shekarar ce RFI ta fara shirye-shiryenta na Fulatanci daga Dakar.

Dogaro da tashoshin waje kuma yana da hatsari. A watan Maris na 2025 sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru bayan umarnin Shugaba Donald Trump, ba tare da an tuntuɓi ko mai sauraro ɗaya a Faskari ba.

Rediyo ba zai maye gurbin jami'an tsaro ko kotu ba. Amma sanarwar rigakafin yara da na dabbobi, bayanin burtali, sharuɗɗan duk wani sulhu da ƙaryata jita-jita suna bukatar isa ga kowane ɓangare da harshen da yake magana da shi a gida. Wannan aiki ne da gidan rediyon jiha zai iya yi da 'yan sa'o'i a mako, idan majalisar dokokin Katsina ta ware masa kuɗi a kasafi, aka kuma ɗauko masu gabatarwa daga cikin al'ummomin da ake son su saurara.